Gani Ya Kori Ji, Amma Yi Ya Kori Gani

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan samarinmu masu neman takardar shaidar kula da saba, wato babbar kwamfutar nan da ke riƙe bayanan banki ko asibiti ko makaranta tana yi wa ƙananan hidima. Ka tambayi yaro a Talata Mafara yadda shirinsa ke tafiya, sai ya zaro filashi ya ce: "Malam, ai na gama, bidiyo ɗari biyu ne a nan, ga kuma tambayoyin da ake maimaitawa." A ganinsa wanda ya fi tara bidiyo shi ya fi shiri. Ni kuwa na ce wannan tari ne kawai, ba karatu ba.

Mu da muka tashi a gefen madatsar ruwa ta Bakolori bai kamata a yi mana wannan wayon ba. Wa ya taɓa iya dashen shinkafa daga tsayuwa a kan kunya yana kallo? Daga Maradun zuwa Bakura, duk manomin rani da ka gani sai da laka ta kai masa gwiwa, ya yi ɓarna, aka yi masa faɗa, sannan hannunsa ya faɗa. Aikin saba ma haka yake. Mai bidiyo yana buga umarni komai na tafiya sumul, domin ya yanke inda ya yi kuskure. Kai kuwa kuskuren nan shi ne abincinka ranar da aka ɗauke ka aiki.

Ita kanta jarrabawar ta fasa ƙwai. A jarrabawar RHCSA ta kamfanin Red Hat babu canki-canka ko ɗaya. Na'ura ake damƙa maka, a ce ka buɗe wa ma'aikata asusu, ka raba ma'ajiya, ka gyara abin da ya ƙi tashi, kuma in an kashe an kunna dole aikinka ya zauna daram. Ba a barin ka leƙa intanet, sai bayanin da ke cikin na'urar kanta. Jarrabawar LFCS ta Linux Foundation ita ma aiki ce da hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi kuɗin rajista da dala ake biya. Wanda ya haddace amsoshin sata kuwa, ko ya tsallake wata jarrabawar, minti goma na ganawar ɗaukar aiki sun isa su tona shi.

Wani abin takaici, da yawa daga kayan da ke yawo daga waya zuwa waya sun riga sun mutu. Microsoft ya rufe jarrabawowin MCSA da MCSE tun ƙarshen Janairun 2021, amma har yau za ka ga yaro yana kwana a kan darussansu da niyyar zana su. CentOS 7 da tsofaffin bidiyoyi ke koyarwa da shi an daina tallafa masa a Yunin 2024. Saboda haka kafin ka sayi littafi ko ka ƙona data, shiga shafin masu jarrabawar, ka sauke jerin abubuwan da za su gwada ka a kai, ka duba lambar jarrabawar. Duk littafin da lambarsa ba ta dace da ita ba, ajiye shi.

Ma'auni na biyu ya fi wannan sauƙi: buɗe tsakiyar littafin. In ka wuce shafi biyar bai ce maka "tashi ka yi kaza" ba, ba naka ba ne. Littafi ɗaya mai atisaye a ƙarshen kowane babi ya fi filashi cike da kallo.

Na san abin da za a ce: ina ɗan ƙauye zai ga saba? Wannan uzurin ya tsufa. Laftof ta hannu mai ƙwaƙwalwa giga 8 ta isa. Manhajar VirtualBox kyauta ce, da ita za ka gina kwamfuta biyu ko uku a cikin taka, ka haɗa su suna magana da juna. Rocky Linux da AlmaLinux da Ubuntu Server duk kyauta ne, Windows Server ma yana da na gwaji na kwana 180. Ka ɗora, ka lalata da gangan, ka manta kalmar sirri, ka nemi hanyar shiga. In abu ya dagule ka goge ka sake, ba wanda zai ci tararka.

Kuma mu Zamfarawa muna da dalilin da ya fi na kowa. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar nan saboda matsalar tsaro, muka yi makonni a duhu. Wanda karatunsa ya rataya a YouTube ya zauna zugum. Wanda ke da littafi da ɗakin gwajinsa a laftof, caji kawai ya nema.

Ban ce bidiyo haramun ba ne. Yana buɗe ido idan abu ya shige duhu. Amma ka yi masa iyaka: kallon awa ɗaya, aikin awa uku.

Ina kira ga malamanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da masu cibiyoyin koyar da kwamfuta: ku daina tambayar yaro abin da ya kalla, ku lalata masa na'ura ku ce ya gyara. Kai kuma ƙanena, daren yau rufe bidiyon nan, ka ɗora sabarka ta farko, ka ɓata ta da hannunka, kada ka kwanta sai ta tashi.