MU ƘARU DA SANI: Idanun da ke ƙirga taro

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san wuyar ƙirga shanu a bakin rijiya. Wata saniya na ɓoye bayan wata. In mutum biyu suka tsaya, ɗaya gabas ɗaya yamma, abin da ya ɓuya ma wannan, wancan ya gani. Haka taron mutane yake, ko ran Alhamis a kasuwar Dole, ko ran hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram.

Yanzu akwai dabarar ƙirga taro da na'urar ɗaukar hoto, wadda ake ce ma kamara. Kamara ɗaya ba ta isa, don na gaba yana tare na baya. Shi ya sa ake kafa da yawa, bisa wuri mai tsawo, kowace na kallon fili ta nata gefe. Dukansu suna aika hoto ga kwamfuta. Kwamfuta ta san inda aka kafa kowace kamara. Sai ta ja layi daga kowace zuwa ga mutumin da ta hango. Inda layukan suka gamu, nan mutumin yake tsaye. Ta haka ba a ƙirga mutum ɗaya sau biyu, kuma wanda ya ɓuya ma wannan kamara, waccan ta kama shi.

Mi ne ne amfaninta? Taro in ya matse yana kisa. Masana sun ce in mutum 6 ko 7 suka cushe cikin fili mai mita ɗaya kowane gefe, hatsari ya zo. A 2006 alhazai fiye da 340 suka rasu wurin jifan shaiɗan a Mina. Masana suka duba hotunan kamara na ranar, suka ga yadda matsi ke farawa. An sake gina wurin jifa hawa-hawa. Yau dubban kamarori ke tsaron alhazai, in wuri ya cika a juya mutane wata hanya.

Mu ma abin ya taɓa mu. A watan Fabrairu 2020 mutum 20 suka mutu a Difa wurin rabon taimako, mata da yara.

Amma kamara ido ce kawai, ba ta da hannu. Sai an sami mutanen da za su buɗe ƙofa da sauri. Kuma hoton mutum amana ne: tun 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan kowane ɗan ƙasa.

To, kafin irin wannan na'ura ta zo garuruwanmu, ga namu aiki. In taro ya matse, kada ka tura na gabanka. Ka saɓa yaro a kafaɗa. In takalmi ya faɗi, ka bar shi. Ka lura da ƙofar fita tun kana shiga.

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.