MAI KAMA KIFI YA SAKE SHI BA MAHAUKACI BA NE

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, yau zan kare wata al'ada da na san da yawanku dariya kuke mata. Duk lokacin da bidiyon Ba'amurke ya zagayo, ya kama ƙaton kifi da fatsa, ya ɗau hoto, ya mayar da shi ruwa, abin da ake cewa ɗaya ne: ƙoshi ne ke damunsa. Ni kuma a ganina mutumin nan ya fi mu lissafi, kuma akwai abin da ya kamata mu ɗauka a wurinsa.

Kifin da suka fi nema sunansa bass, mai ƙaton baki. Mafarauci ne, ƙananan kifaye da kwaɗi yake ci. Wani mai suna Ray Scott, ɗan jihar Alabama, shi ya shirya gasar kama shi a 1967, daga baya ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. Da farko duk abin da aka kama kashewa ake yi. A 1972 suka fara kamfen ɗin a daina kashewa, saboda sun gane idan aka ci gaba a haka watarana ba kifin ba gasar. Yau a yawancin gasanninsu kifi biyar mafi nauyi ake auna wa mutum. Jirgin yana da ɗan tanki mai ruwa da iska inda ake ajiye su da rai, wanda ya kawo matacce kuma a rage masa nauyi.

Abin da ya shafe mu shi ne jami'o'i. A Amurka ɗalibai na da kulob ɗin kamun bass, suna zuwa gasa da sunan makarantarsu kamar 'yan ƙwallo, har wasu jami'o'in na ba da tallafin karatu a kai. Kuma tun 1950 akwai dokar da ta sa haraji a kan kayan fatsa, kuɗin yana komawa wajen kula da tafkuna da koguna. Wato mai sayen ƙugiya yana biyan kuɗin kifin da ɗansa zai kama.

Sana'ar ma ba ta zaman banza ba ce. Bass ba ya yawo a tsakiyar fili, kwanton ɓauna yake yi: gindin itacen da ya faɗa ruwa, cikin ciyawa, ƙarƙashin gada, duk inda akwai inuwa. Ya fi cin ƙoto da sassafe da kuma yamma liƙis. Yawanci ba da tana mai rai suke kama shi ba, tanar roba ce. Akwai ɗaurin da ake kira na Teksas, inda ake nutsa tsinin ƙugiyar cikin jikin robar don kada ta maƙale a ciyawa. Ka jefa, ka bari ta nutse, ka riƙa ja a hankali kana jin igiyar a yatsa. Wanda bai iya haƙuri ba hannu rabbana zai koma.

Sakin ma da ƙa'idarsa. A jiƙa hannu kafin a taɓa kifin don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa. A danne ƙayar ƙugiya da filaya don ta fita ba tare da yaga baki ba. Idan babba ne a tallabe cikinsa, kuma kada a daɗe da shi a waje. Dalilin sakin manya kuwa, galibi mata ne, su suka fi zuba ƙwai.

Na san abin da za a ce. Ana fama da kuɗin garin kwaki, wa zai saki tarwaɗa? Gaskiya ne, kuma ban ce mai jin yunwa ya saki abincinsa ba. Su ma Amurkawan suna ci, sai dai da iyaka: ga adadin da za ka ɗauka a rana, ga tsawon da bai kai a ɗauka ba. Ka ɗauki matsakaita biyu uku na miya, ka saki 'ya'ya da manyan iyaye. Ku gwada wannan da masu zuba gamalin a rafi, ko masu jan koma mai ƙananan ido kamar gidan sauro, su kwashe uwa da jarirai. Wane ne mai wasa da abinci a tsakaninsu?

Ban kuma ce a kawo bass Najeriya ba, Allah ya kiyaye. An kai shi Jafan, ya yi ƙiba har wani ya kama mai kilo 10 da ɗoriya a tafkin Biwa a 2009, daidai da bajintar da George Perry ya kafa a Jojiya tun 1932. Amma ya cinye kifayen asali na tafkin, har hukumar yankin ta hana mayar da shi ruwa. Mu muna da namu: karfasa, tarwaɗa, tsage mai haƙora, ga giwan ruwa da ya ninka bass girma sau da yawa.

Ga ruwa kuma a ƙofarmu. Jami'ar Ibadan na da dam ɗin Awba, ta Ife na da Opa, ta Legas kuwa a bakin ruwa take kacokan. Amma Asabar da Lahadi nawa ke ƙarewa a kan katifa, ido a waya, ana jiran tikitin caca ya ci? Awa uku a bakin ruwa ba data, ba hayaniyar hostal, magani ne babba ga kan da jarabawa ta dama. Ba sai da jirgi mai inji ba. Sandar gora, igiyar fatsa, ƙugiya da tana sun isa farawa.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai: ku haɗa kai da 'yan sashen kiwon kifi, ku rubuta wa hukumar makaranta takarda. Kada kowa ya je ba izini, don wasu dam ɗin ruwan shan makaranta ne. Ba a zuwa mutum ɗaya, ba a shiga ruwan, saboda nutsewa da tsargiya. A riƙa rubuta irin kifin da aka kama da tsawonsa, ko ba komai wani ɗan ajin ƙarshe ya samu abin rubuta furojet.

Wanda makarantarsu ke da dam ko kogi ya faɗa mana a ƙasa, mu san ta inda za mu fara.