Darasin kututturen Maraɗi ga majami'u masu gaggawar girma

Duk shekara idan damina ta kankama, akan ga manyan mutane sun tsuguna gaban kyamara suna dasa ɗan itace, a yi tafi, a watse. Wanda ya koma wurin cikin watan Maris, sau da yawa sandar da aka kafa kawai zai tarar. Rana ta ƙone dashen, ko awaki sun cinye shi, domin ba a bar kowa da aikin ban ruwa ba.

Irin wannan na faruwa a majami'u da dama. A shirya gagarumin taron farkawa na kwana uku, ɗaruruwa su fito gaba su ce sun ba da ransu ga Yesu, a rubuta adadi cikin rahoto. Bayan wata shida, babu mai tambayar ina suke. An yi dashe, ba a yi reno ba.

Akwai darasi a kan wannan daga Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. A farkon shekarun 1980, wani ɗan mishan na ƙungiyar SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta raba dashen itatuwa a ƙauyuka, mafi yawansu kuma suna mutuwa. A 1983 ya tsaya a kan wata hanya mai rairayi don rage iskar tayoyin motarsa, sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefe. Da ya duba ganyensa, ya gane tohon kututturen itacen da aka sare ne tun da daɗewa, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa.

Daga nan aikin ya sauya. Manomi zai zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kāre su daga dabbobi da wuta. Manoma suka kira dabarar sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

Abin da ya ceci gonakin shi ne saiwa. Littafi Mai Tsarki ma can ya fi mai da hankali. Zabura ta farko da Irmiya sura 17 sun kwatanta mai dogara ga Allah da itacen da ke bakin ruwa, wanda shekarar fari ba ta hana shi 'ya'ya. Duk manomin ƙasar Hausa ya san gawo: da damina, lokacin da kowane tsiro ke taƙama da kore, shi yakan zubar da ganye. Sai rani ya tsananta ya yi shar, makiyaya da dabbobinsu su sami inuwa da abinci. Sirrinsa saiwa ce da ta nutsa har inda ruwa yake. Bangaskiyar da ke da amfani ita ce wadda ake gani ranar da albashi bai fito ba, ranar da aka dawo daga makabarta, ranar da maƙwabci ya yi laifin da yafe shi ke da wuya.

Sai batun datsa. A Yohanna sura 15, Yesu ya nuna cewa reshen da ke ba da 'ya'ya ma akan datse shi don ya ƙara bayarwa. Kututturen da aka bar wa toho ashirin zai tsaya kurmi, ba zai zama itace ba. Haka mai bin da ke tsalle daga wannan dutsen addu'a zuwa wancan, daga wannan annabi zuwa wancan na Facebook, amma ba shi da wanda zai iya tsawata masa. Wa'azin da kullum alkawarin arziki ne da buɗi, babu kira ga tuba, gaskiya a kasuwa da riƙon amana a gidan aure, taki ne da ke ƙara ganye kawai.

Wasu za su ce ai bishara umarni ce, kuma taron jama'a hanya ce ta isar da ita. Gaskiya ne, dashe ba laifi ba ne. Laifin shi ne a kashe miliyoyi wajen hayar fili da lasifika, amma malamin makarantar Lahadi ba shi da ko littafin koyarwa, ajin baftisma kuma a gama shi cikin mako biyu. Tarihin SIM kanta ya isa misali. Mutum uku suka iso a 1893, biyu suka rasu a 1894, sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan jinkiri ECWA ta fito.

Mafi muhimmanci, akwai kututture da yawa a cikin ikilisiya a yau. Akwai waɗanda rikici ya raba da gidajensu, irin 'yan EYN da suka watse lokacin da Boko Haram ta mamaye hedikwatarsu a Kwarhi kusa da Mubi a 2014. Akwai gwauraye, akwai matasan da suka daina zuwa sujada saboda halin wasu shugabanni. Daga waje sai a ɗauka sun bushe. A Luka sura 13, mai gona ya so sare ɓauren da ya shekara uku bai yi 'ya'ya ba, mai kula da gonar ya roƙi ƙarin shekara guda don ya yi masa kaftu ya zuba taki. Wannan ne aikin fasto, dattawa, Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa: ziyara, sauraro, karatu tare, da haƙuri.

Saboda haka, kafin kwamitin majami'a ya amince da kasafin taron baɗi, ya kamata ya buɗe rajistar waɗanda suka fito gaba bara, ya nemi sanin inda kowannensu yake. Idan ba a san amsa ba, to daga nan aikin zai fara.