A Berlin, Takarda Ta Fi Kuɗi Buɗe Ƙofa

A wannan makon mun leƙa Berlin, babban birnin Jamus, inda wasu daga cikinmu ke zuwa karatu ko aiki. A ganinmu, tsarin neman gidan haya a can yana ɗora wa baƙo nauyin da ya fi na kowa, kuma rashin sanin doka na ninka masa wannan nauyi.

A nan gida, in kana da kuɗin shekara da la'adar dillali, yau ka ga ɗaki gobe ka tare. A Berlin kuwa, inda fiye da kashi 80 cikin ɗari na gidaje na haya ne, mai gida takardu yake fara tambaya: takardun albashi na wata uku, da shaidar tsohon mai gidanka cewa ba ya bin ka bashi, da rahoton SCHUFA, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Da yawansu kuma suna son albashinka ya ninka kuɗin hayar sau uku. Wanda ya sauka daga jirgi jiya, ina zai samo waɗannan?

Ga inda gizo ke saƙa. Doka ta ce duk wanda ya tare a gida ya yi rajistar adireshinsa cikin kwana 14, abin da suke kira Anmeldung, kuma sai da sa hannun wanda ya ba shi gidan. In babu wannan rajista, lambar haraji ba ta zuwa, bankuna da yawa kuma ba sa buɗe asusu. Ke nan sai da gida ake samun takarda, sai da takarda ake samun gida. Gaba kura, baya siyaki.

Wani zai ce mai gida yana da hujja, kuma mun yarda. Dokar Jamus tana kare ɗan haya ƙwarai, fitar da wanda ya daina biya sai an bi ta kotu, a kwashe watanni. Dole mutum ya tantance wanda zai miƙa wa makulli. Sai dai tantancewa ta zama zaɓen son rai ne saboda gidaje sun yi ƙaranci, kuma hukuma na da hannu a ciki. A 2004 gwamnatin Berlin ta sayar da kamfaninta na gidaje, GSW, mai ɗauke da gidaje kusan 65,000. A 2020 ta kafa dokar daskarar da kuɗin haya, Kotun Tsarin Mulki ta soke ta a Afrilun 2021.

Akwai dokar 2015 da ta hana sabuwar haya wuce kashi 10 cikin ɗari sama da farashin unguwa, amma ba ta shafi hayar wucin gadi ba. Nan masu gidaje da yawa suka karkata: a zuba gado da kujera, a ba da na wata shida, a tsawwala farashi. Wa ke karɓar irin wannan? Baƙon da ba shi da takarda. Wanda ya fi kowa rauni shi ke biyan mafi tsada.

Sai batun suna. A 2017 'yan jaridar Der Spiegel da Bayerischer Rundfunk sun aika saƙonnin neman gida kusan 20,000 da sunaye daban-daban, suka gano masu sunan Larabawa da Turkawa sun fi samun shiru. Dokar hana wariya ta 2006 tana nan, amma ta yaya za ka kai ƙarar wanda bai ko amsa saƙonka ba? Mu masu sunaye irin su Abubakar da Khadija, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Duk da haka baƙo yana da haƙƙi, in ya sani. Kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata uku, ban da kuɗin ɗumama ɗaki da ruwa, kuma an yarda a biya shi kashi uku. Tun 2015, in mai gida ne ya ɗauki dillali, shi zai biya la'ada. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin ka ga ɗakin, wai yana ƙasar waje zai aiko da makulli, ɗan damfara ne. Ɗakin da aka ce ba a rajista da shi ma a bar shi, komai arharsa. Gara ƙaramin ɗaki a gidan haɗaka da zai ba ka adireshi, daga nan sauran takardun su biyo baya. Ƙungiyar 'yan haya, Berliner Mieterverein, tana duba wa mambobinta yarjejeniya.

Kiranmu ga waɗanda suka riga suka zauna can shi ne su daina turo hotunan dusar ƙanƙara kaɗai. Su faɗa wa na baya wata nawa suka yi a kan kujerar aboki kafin su riƙe makullinsu, don mai shirin tafiya ya tanadi guzurin waɗannan watanni tun daga gida. Allah Ya sa mu dace.