TUFAFINKA SUNA MAGANA KAFIN BAKINKA

 

Ya ku 'yan uwana matasa, duk wanda ya tsaya a Magamar Jibiya ya dubi masu shiga da fita tsakanin Najeriya da Nijar, da wuya ya bambance Bakatsine da Bamaraɗe. Riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, hijabi iri ɗaya. Dalili kuwa shi ne, Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi a 1807 su ne suka kafa sarautar Maraɗi, daga baya Ingila da Faransa suka ja layi a tsakani. An rufe wannan iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, amma babu jami'in kwastan da ya iya tsare babbar riga.

Wani zai ce ai shaddar ma daga Turai take, atamfar kuma daga Sin. Gaskiya ne, musamman tun da masaƙun Kaduna suka durƙushe. Amma yadi ba shi da ƙabila. Telan da ya yanka shi, da mai aikin da ya zauna da allura a wuyan rigar, su ne suke mayar da shi namu.

Su kansu Amurkawa haka suka yi. Wandon jins da Levi Strauss da abokinsa suka yi wa rajista a 1873 kayan leburori ne da masu haƙar ma'adinai, sai suka riƙe shi har ya zama tambarin ƙasarsu. Sun san abin da suke faɗa da shi. To, kai fa ɗan uwa, da ka zaɓo rigar gwanjo mai tutar wata ƙasa, ko mai rubutun da ba ka tsaya ka karanta ba, me kake faɗa? Na sha gaya wa ɗalibaina cewa su karanta ƙirjinsu kafin su shiga sahun salla, domin akwai rigar da take tallar giya.

Ban ce jins haramun ne ba, kuma Musulunci bai wajabta mana jallabiyar Larabawa ba. Sharaɗin malamai sananne ne: tufa ta rufe al'aura, kada ta matse ko ta zama shara-shara, kada a sa ta don girman kai. A Suratul A'araf, aya ta 26, Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci tufa don sutura da ado, sannan Ya fifita tufar taƙawa a kan duka.

Saboda haka ka zaɓi tufarka da sani. Kuɗin da za ka ba mai gwanjo, ka raba shi da telan unguwarku, domin idan muka bar shi ya rufe shago, jikokinmu a hoto kawai za su ga aska takwas.

Allah Ya suturta mu duniya da lahira, amin.