Duwatsun Seben: Gado Ba Ya Tsare Kansa

A kudancin Faransa akwai yankin duwatsu da ake kira Seben, inda Dutsen Lozer ya kai tsayin mita 1,699. A 1970 hukuma ta mai da yankin gandun ƙasa, a 2011 kuma UNESCO ta sanya shi, tare da tuddan Kos, cikin jerin kayan tarihin duniya. Abin lura shi ne, gumin manomi da makiyayi aka karrama a wannan rajista.

Kakanninsu sun jera duwatsu ba laka ba siminti, suka yi katangu hawa-hawa a jikin gangare domin tare ƙasa. A kansu suka dasa shatenye, wanda suke wa laƙabi da itacen burodi, domin 'ya'yansa ake busarwa da hayaƙi a niƙa gari. Sun kuma yi kiwon tsutsar siliki, har cuta ta auka mata, Pasteur ya zo garin Ales a 1865 domin bincikenta. Da sana'o'in nan suka karye, sai matasa suka kwarara birane.

A ganinmu, takardar karramawa ba ta ɗaga katangar da ta faɗi. Daga Satumba zuwa Nuwamba ruwa kan sauko a can kamar da bakin ƙwarya. In ba mai gyara, ƙasar da aka tara shekaru aru-aru sai ta bi rafi. Makiyayar da tumaki suka daina shiga kuwa, ƙaya da itatuwa ke cinye ta. Har yau a watan Yuni ana kora garkuna ta tsofaffin burtali zuwa kan tudu, sai dai masu korar sun ragu.

Wani zai ce masu yawon buɗe ido na kawo kuɗi. Haka ne, amma baƙo mako guda yake yi ya tafi. Mai gida ne ke tsayawa: manoman Larzak 103 suka yi rantsuwar ƙin tashi, aka yi ta fafatawa daga 1971 har 1981, kafin gwamnati ta janye shirin faɗaɗa sansanin soja a gonakinsu.

Saboda haka tallafi ya fi cancanta ga makiyayi da magini, a kuma koya wa yara aikin tun tsofaffi na da rai. Mu da muka ga yadda gonaki ke cin burtali mun san ciwon. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.