Tokaido: Hanya Ba Kwalta Ba Ce Kawai

'Yan uwana ɗalibai, musamman masu karatun gina hanyoyi, mu leƙa Japan. A 1601 Tokugawa Ieyasu ya tsara hanyar Tokaido daga Edo, wato Tokyo ta yau, zuwa Kyoto. Zangonninta suka kai 53, kowanne an ɗora masa tanadin dawakai da 'yan dako. Yau babbar hanya mai lamba 1 na bin sawunta, haka jirgin ƙasa na Shinkansen tun 1964.

A ganina, sirrin shi ne kowane zango ya san nauyin da ke kansa. Mu fa, lissafin kwalta da tsakuwa muke ta haddacewa. To, bayan bikin buɗe titi, wa zai kula da shi? Don Allah, mu sa amsar cikin zanenmu tun farko.